Tonon Kaza Na Rumawa: Yadda Za Ka Koyi Rubutun Hannunsu Na Yau Da Kullum

Manyan haruffan nan da ake gani a jikin tsofaffin gine-ginen Rum, masu tsayuwa cak kamar sojoji a fareti, aikin masassaƙan dutse ne. Mafi shahara a cikinsu su ne na gindin ginshiƙin Sarki Trajan, wanda aka kammala a shekara ta 113 miladiyya. Amma ɗan kasuwa mai rubuta bashi, da wanda ke aika wa ɗan'uwansa soja safa da takalma, da uwargida mai gayyatar ƙawarta walima, babu mai lokacin wannan ƙawa a cikinsu. Nasu rubutun siriri ne, a karkace, na gaggawa. Ko wanda ya sha harshen Latin ya ƙoshi, in ba a koya masa ba, sai ya zura masa ido minti goma bai tsinci kalma ɗaya ba. Su kansu Rumawan sun san halin kayansu. A wani wasan barkwanci na marubucin Rum Plautus da aka nuna a shekara ta 191 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an miƙa wa wani bawa wasiƙar budurwar ubangidansa, ya duba ya ce haruffan sai hawan juna suke yi, lallai kaza ce ta rubuta.

Ido kaɗai ba ya koyon wannan rubutu, sai an sa hannu. Masanin rubuce-rubucen dā ɗan Faransa, Jean Mallon, shi ne ya nuna a tsakiyar ƙarni na 20 cewa abin da ke riƙe da harafi shi ne yawan jan da ake yi masa, da wanda ake farawa da shi, da inda kowane ja ya dosa. Kamannin yana sauyawa daga hannu zuwa hannu, tsarin jan kuwa yana nan. Saboda haka za a fara da haɗa kayan rubutun, a rubuta haruffan, sannan a tunkari takardun gaske.

Rubutun iri biyu ne. Akwai tsohon salo, wanda ya yi zamani daga ƙarni na 1 kafin miladiyya zuwa ƙarni na 3 bayanta, akwai kuma sabon salo da ya gaje shi daga ƙarshen ƙarni na 3. Tsohon ne mai wahala, kuma a kansa za a daɗe. Haruffan Latin na lokacin 23 ne: babu J, babu W, kuma U da V abu ɗaya ne.

Mataki na farko: allon kaki

Littafin aljihun Barume shi ne allon katako da aka ƙwaƙule tsakiyarsa aka zuba kakin zuma baƙi. Waɗanda aka tono a tsakiyar Landan tsakanin 2010 da 2014, guda 405, yawancinsu sun kai kimanin santimita 14 a faɗi da 11 a tsaye, zurfin ramin kuma milimita 2 zuwa 3. Wannan awon za ka kai wa kafinta. In ƙwaƙulewa za ta yi wuya, a yanko falle mai santsi, a manna masa siraran katakai masu faɗin santimita 1 a gefuna huɗu, su zama ganuwa. Ka sa a kakkarce cikin ramin da wuƙa, layi-layi a gicciye, don kakin ya sami abin kamawa. In ka bar shi sumul, ranar da allon ya faɗi kakin zai ɓantare gaba ɗaya kamar ƙanzo.

Rami mai wannan girma yana cin kakin zuma kamar giram 25. Kada ka ɗora shi kai tsaye a kan wuta, yana iya kamawa. Sa shi a gwangwani, ka tsoma gwangwanin cikin tukunyar ruwan zafi. Kakin zuma yana narkewa a wajen digiri 63, ruwan ma ba sai ya tafasa ba. Da ya narke sai ka zuba baƙin fitila kamar rabin ƙaramin cokali, ka yi ta juyawa har ya zama baƙi ƙirin ba gudaji. Baƙin fitilar kuwa, ka riƙe bayan faranti na ƙarfe a saman harshen aci-bal-bal, ka kankare abin da ya taru. Garin gawayi ma yana yi, sai dai in bai daku ya yi laushi kamar kwalli ba, tsinke zai riƙa cin karo da tsakuwarsa.

Amfanin baƙin shi ne a ga rubutu. A kan farin kaki karce ba ya fitowa, sai ka yi ta juya allon kana neman haske.

Kafin ka zuba, ka shanya allon a rana ya yi ɗumi, ka ajiye shi a wuri mai daidai, ka zuba a tashi ɗaya. Katako mai sanyi yana daskarar da kakin tun bai kai kusurwa ba, sai fuskar ta fito tudu da kwari. Ka tsaya kaɗan ƙasa da bakin ganuwar, domin in an haɗa allo biyu an rufe, bai kamata fuskokin su taɓa juna ba. Bar shi awa guda. Lokacin hunturu kakin kan yi tauri ya riƙa marmashewa a bakin tsinke, maganinsa a sake narkarwa a ɗiga man gyaɗa rabin ƙaramin cokali. Da bazara kuwa kada ka ƙara komai, ka dai raba shi da rana.

Abin rubutun Rumawa suna ce masa stilus: tsinken ƙarfe ko tagulla ko ƙashi, kai ɗaya mai tsini, ɗayan mai faɗi don gogewa. Ƙusa mai tsawon santimita 10 zuwa 12 ta isa. A gyara tsininta ya ɗan dakushe, maƙeri ya buge ɗaya kan ya baje kamar bakin ƙaramin cokali. Tsini mai kaifin allura yana huda kakin ya shiga katako. Haka ma ta riƙa faruwa ga Rumawa, kuma wannan kuskuren ne ya yi wa masana rana: a allunan Landan kakin ya ruɓe tun tuni, abin da ake karantawa yau shi ne sawun da tsinke ya bari a jikin itacen.

Mataki na biyu: haruffa a kan kaki

Ajiye allon a kwance, dogon gefensa yana fuskantarka. Gwada rubuta babban O na boko da ja ɗaya. Za ka ga daga rabin hanya tsinken ya fara tura kaki gabansa, ya tara shi, ya ƙi juyawa. Gwada jan layi daga ƙasa zuwa sama, ka ji yadda yake turjewa. Yanzu ja gajeren layi daga sama zuwa ƙasa, kana janyowa wajenka. Wannan shi ne jan da kaki ke so, kuma kusan duk abin mamakin da ke cikin rubutun allo daga nan ya fito. Marubuci yana gudun lanƙwasa, yana gudun layin kwance, yana ɗaga hannu bayan kowane ja.

Fara da E. A kan kaki, sanduna biyu ne a tsaye gefe da gefe, kamar lamba 11. F kuma sanda ɗaya doguwa da gajeruwa a damanta daga sama. A hannun wasu marubutan, M sanduna huɗu ne, na farkon ya fi sauran tsawo. O baka biyu ne masu fuskantar juna, sau da yawa ba sa haɗuwa a ƙasa ko a sama. Rubuta kalmar emit, wato "ya saya": biyu na E, huɗu na M, ɗaya na I, sanduna bakwai ke nan a jere kafin a kai ga T. Mai karatu ba shi da abin dogaro sai tsawon sandar farko ta M da ɗan bambancin tazara. Ka rubuta ta sau ashirin, ka goge, ka sake. Gogewar ma da dabararta: kwantar da faffaɗan kan tsinken ka danna kana ja, kada ka kankare. In kakin ya yi tauri, ɗumama ƙarfen a tafin hannu ko a ruwan ɗumi.

Ita kuwa A, ba ta da sandar tsakiya. Ja biyu ne: gajere daga sama zuwa hagu, sai dogo da ya faro daga can sama ta hagu ya gangaro dama, ya zarce kan gajeren. Kamar bukka da iska ta kwashe wa rabin jinka.

R ita ce abokiyar rikicin A. Ƙafarta ta hagu doguwa ce, tana sauka ƙasan layi, ja na biyu kuma ya faro daga samanta ya yi ɗan kwari ya miƙa dama. In ƙafar ta gajarta, ta koma A. S sanda ce da ke sauka ƙasa, sannan a koma samanta a cilla wani ja sama ta dama. Ba ta da ko alamar lanƙwasar maciji irin ta boko.

Sai B, wadda ta fi kowane harafi kayar da sabon shiga, domin cikinta a hagu yake, tana kama da ƙaramar d ta yau. Dalilin yana cikin tsarin ja. Babban B ana yin sa ne da sandar tsaye, da layin gindi, da tumbi biyu a dama. Da hannu ya yi sauri, sandar da gindin suka dunƙule suka zama ɗan ƙoƙo a hagu, tumbi biyun kuma suka miƙe suka zama dogon ja ɗaya mai ɗan karkarwa. To D fa? Ita ma ƙoƙonta a hagu yake, amma jan da ke rufe ta ya kwanta sosai, ya faro daga sama ta hagu ya gangaro a gicciye. Na B ya fi tsawo, ya fi tsayuwa, kuma yakan fara da ɗan ƙugiya a sama. Rubuta debet, "ana bin sa", ka ga su biyun a kalma ɗaya.

C da P da T 'yan ɗaki ɗaya ne. Dukansu suna farawa da sanda mai ɗan lanƙwasa zuwa dama a gindi, bambancin yana ga hular. Ta T a kwance take, ta leƙa hagu da dama. Ta P gajeruwa ce, tana dama kawai, ta sunkuya ƙasa, ba ta rufewa ta zama tumbi. Ta C tana dama, ta ɗan ɗaga. Q ɗan zobe ne da doguwar jela a gicciye zuwa ƙasa. L ƙafarta ba ta kwanciya a layi, zamewa take ƙarƙashin harafin da ke biye. H ta riga ta zama kamar ƙaramar h. V ɗan ƙoƙo ne marar zurfi, sau da yawa a rataye sama da layi. G, I, N da X ba za su ba ka wahala ba.

Dabarar makarantar allo tana aiki a nan. Yadda ake ce wa yara "lam jaye" ko "ha kuri" don siffar ta zauna, kai ma ka laƙaba wa waɗannan suna: B mai ciki a hagu, R mai doguwar ƙafa, Q mai jela.

Mataki na uku: tawada da alƙalami

A nan Bahaushe ba baƙo ba ne. Tawadar Rumawa baƙin hayaƙi ne da ƙaro da ruwa, 'yar'uwar wadda ke cikin kurtun almajiri. Kalmar alƙalami ma, ta hanyar Larabci, ta fito ne daga kalamos na Girkanci, wato kara, wadda Rumawa suka ara suka ce calamus. Wani likita mai suna Dioscorides na ƙarni na 1 ya ba da awo: kashi uku na baƙin hayaƙi, kashi ɗaya na ƙaro, a ma'aunin nauyi.

Jiƙa ƙaro a ruwa kaɗan ya kwana, ka tace. Kada ka zuba baƙin cikin ruwa kai tsaye, don yana da maiƙo, sai ya yi ta yawo a sama ya ƙi nutsewa. Ɗiga ruwan ƙaron a kansa kaɗan-kaɗan kana murzawa da bayan cokali har ya zama kamar kwaɓin fulawa, ka ci gaba da murza na minti goma, sannan ka tsinka da ruwa. Gwada a bar shi ya bushe. In ka shafa da yatsa ya biyo ka, ƙaro ya yi kaɗan. In yana ƙyalli yana tsattsagewa, ya yi yawa. Irin wannan tawada a saman abu take zama, ba ta cin jikinsa, shi ya sa Rumawa ke goge ta da jiƙaƙƙen soso kamar yadda ake wanke allo. An ruwaito cewa da abokan Sarki Augustus suka tambaye shi labarin wani wasan kwaikwayo da ya fara rubutawa ya watsar, ya ce jarumin ya faɗa kan soso.

Alƙalamin kara ko na gamba duk suna yi, amma kada ka feƙe shi da faɗin baki irin na rubutun allo. Wannan salon yana son baki siriri, bai wuce milimita 1 ba, da tsaga ta kamar santimita 1 don tawada ta gangaro. In tsagar ta yi tsawo, bakin zai buɗe ya bar layi biyu. Ana ganin irin wannan sawu a wasu wasiƙun Rumawa inda marubuci ya danna da ƙarfi.

A kan me za a rubuta? A Masar da Italiya akwai takardar fafiras, wadda ake yi da karan wata ciyawar bakin ruwa. A can arewacin Ingila, a sansanin soja na Vindolanda kusa da inda daga baya aka gina ganuwar Sarki Hadrian, sojoji sun yanki siraran fallayen itacen yankin, kaurinsu daga milimita 1 zuwa 3, girmansu kamar tafin hannu biyu a jere. A sansanin Bu Njem da ke hamadar Libiya kuwa, a shekarun 250, tsingaro suka yi amfani da shi, suna rubuta rahoton yini, har da shigowar mutanen Garamantes na Fezzan da alfadarai da jakuna ɗauke da sha'ir. Tsingaron ya fi sauƙin samu: fasasshiyar tukunya, a zaɓi ɓangare mai santsi, a wanke ya bushe. In falle na katako ka samu kuma tawada tana bin jijiyar itacen tana bajewa, shafa masa ruwan ƙaro tsararo, ya bushe, ka goge da dutse mai santsi.

Da tawada hannu yana sakewa. E ta daina zama sanduna biyu, ta zama doguwar baka mai leƙowa sama da layi, da harshe a tsakiya. M ta koma kama da babbar M da aka danne. Sauran suna nan yadda ka koya, sai dai yanzu sun fara kama hannun juna. Harshen E yakan miƙa ya zama jan farko na harafin gaba, hular T da ta C ma haka. Daga irin wannan haɗi na e da t, wato et mai ma'anar "da", alamar & ta samo asali. Ƙa'idar koyo ita ce kada ka ƙirƙiri wani layi na musamman don haɗawa. Jan ƙarshe na wannan shi ne jan farko na wancan, in ba su dace ba a ɗaga hannu.

Mataki na huɗu: abin da ba harafi ba

Babu babban baƙi a farkon jimla, babu waƙafi, babu aya irin tamu. A ƙarni na 1 marubuta da yawa suna sa ɗigo a tsakiyar layi tsakanin kalma da kalma. Daga ƙarni na 2 al'adar ta yi ta ja da baya, har aka koma jera kalmomi ba tazara. Wani lokaci za ka ga ɗan karkataccen ja a saman wasali, alamar dogon wasali ce, kada ka ɗauke ta harafi.

Gajarce-gajarce kuwa dole a haddace kaɗan. Sunayen farko na maza ba a cika rubuta su cikakku ba: M Marcus ne, L Lucius, T Titus, C kuma Gaius. Cos na nufin consul, manyan jami'ai biyu da ake kiran shekara da sunansu. X da aka ratsa da layin kwance alamar denarius ce, kuɗin azurfa wanda sunan dinari ya samo tushe daga gare shi. Wata alama kamar lamba 7 ko kan kibiya tana nufin hafsan da ke riƙe da rukunin soja, ko rukunin kansa. A lissafi za ka fi haɗuwa da IIII a kan IV, S kuma rabi ne.

Kwanan wata baya-baya ake ƙirga shi, zuwa ɗaya daga ranaku uku: Kalendae ranar 1, Nonae ranar 5, Idus ranar 13. A watannin Maris, Mayu, Yuli da Oktoba, biyun ƙarshe suna komawa 7 da 15. Ana haɗawa da ranar farawa da ta ƙarewa a ƙirgar. Wata takardar bashi daga cikin allunan Landan, inda wani Tibullus ya amsa cewa wani Gratus yana bin sa denarius 105 kuɗin kaya, tana ɗauke da VI Idus na Janairu a shekarar da Sarki Nero ya riƙe muƙamin consul karo na biyu. Ƙirga shida baya daga 13, kana haɗawa da 13 ɗin: 8 ga Janairu, shekara ta 57.

Mataki na biyar: karanta ta gaske

Fara da wasiƙar Claudia Severa zuwa ga Sulpicia Lepidina, matar Flavius Cerialis kwamandan Vindolanda, wadda aka rubuta wajen shekara ta 100. Lambarta 291, tana gidan tarihi na Birtaniya a Landan, hotonta da fassararta kuma suna intanet a rumbun Roman Inscriptions of Britain. An fara gano waɗannan fallaye a 1973, lokacin tonon da Robin Birley ya jagoranta. Da suka sha iska sai itacen ya yi duhu rubutun ya ɓace wa ido, sai da hoton hasken infirared, wanda idon mutum ba ya gani, aka dawo da shi, saboda baƙin hayaƙi yana shanye wannan haske, itace kuwa yana mayar da shi. Alan Bowman da David Thomas ne suka yi aikin karantawa.

Kada ka fara da ƙoƙarin gane ma'ana. Ɗora takarda mai shara-shara a kan hoton ka bi kowane ja da fensir, kana tambayar kanka daga ina alƙalami ya faro. Sannan nemi abin da ka san dole yana wurin. Wasiƙar Rumawa tana buɗewa da sunan mai aikawa, sai na wanda aka aika wa, sai salutem, gaisuwa, wadda akan tura ita kaɗai can dama a layi na biyu. Tana rufewa da vale, "ka zauna lafiya". Daga salutem kaɗai, in ta fito cikakkiya, ka sami S, A, L, V, T, E da M na marubucin. Zana su a gefe, ka yi masa nasa jadawalin, domin jadawalin wani ba zai yi maka aiki sosai a kansa ba. Layi na gaba ya fara da iii Idus Septembres, 11 ga Satumba ke nan, ranar da Severa ke roƙon ƙawarta ta zo bikin zagayowar haihuwarta.

Yanzu duba kusurwar dama ta ƙasa. Hannu ya sauya. Jikin wasiƙar magatakarda ne ya rubuta, siriri, a tsare, kamar an auna. Layukan ƙarshe kuwa haruffansu a rarrabe suke, masu ɗan nauyi, ba ƙawa: sperabo te soror, vale soror anima mea, "ina sa ranki 'yar'uwa, ki zauna lafiya 'yar'uwa, raina". Wannan hannun Severa ne da kanta, kuma yana cikin mafi daɗewar rubutun Latin da aka sani mace ta yi. Haka al'adar take, mai hali ya yi shifta, ya karɓi alƙalami ya sa gaisuwar ƙarshe. Duk inda ka ga haruffan da ka saba da su sun rikiɗe a ƙarshen wasiƙa, sabon jadawali za ka buɗe.

Kurakuran da ke jiran mai karatu sanannu ne, kuma manya ma sun faɗa. Na farko, tabbatar ba a kife ka riƙe abin ba. A 1904 wani babban ma'aikacin laburare a Oxford ya karanta wani fallen darma da aka samo a garin Bath na Ingila, ya ce wasiƙar wani Kirista ce zuwa ga wata mata, har da sunayensu. Shekara 90 bayan haka Roger Tomlin ya nuna cewa a kife aka karanta shi. Da aka juya, sai ga addu'ar tsinuwa a kan ɓarawo, irin waɗanda ake jefawa a maɓuɓɓugar garin. Abin dubawa shi ne jelar Q da ƙafar L da ta R, duk ƙasa suke nufa, kuma layuka a hagu suke daidaita, damansu ne ke zama ba daidai ba.

Na biyu, son zuciya. Da mutum ya ƙudurta cewa takarda ta ciniki ce, kowace sanda sai ta zama abin da yake so. Wani allo da aka tono a Tolsum ta ƙasar Holan an karanta shi a 1917 a matsayin cinikin bijimin sa, aka yi ta kafa hujja da shi kusan shekara 90. Da aka sake ɗaukar hotonsa da na'urorin zamani, binciken da aka fitar a 2009 ya nuna takardar bashi ce ta shekara ta 29, babu bijimi a ciki ko ɗaya. Na uku ya shafi allunan kaki kawai: an yi ta gogewa ana sake rubutu, saboda haka sawun wasiƙa biyu ko uku na iya hawa kan juna a katako ɗaya, ga kuma jijiyar itace da ke kama da ja. Ana raba su ne da haske daga gefe. Gwada a naka allon: kankare kakin bayan ka yi rubutu sau uku, ka shiga ɗaki mai duhu, ka kwantar da tocila kusan daidai da fuskar katakon, kana zagayawa da ita. Jan da ya ɓuya in haske ya zo daga hagu zai fito in ya zo daga sama.

Naɗewa da rufewa

Wasiƙar falle ana rubuta ta a kwance, layuka suna bin jijiyar itace, a gida biyu, hagu sannan dama. A tsaga tsakiya da wuƙa sama-sama, a ninke rubutun yana ciki, a huda gefe a ɗaure da zare. Sunan wanda za a kai wa yana bayan ɓangaren dama, da dogayen haruffa sirara. Ka jira tawada ta bushe kafin ka ninke. Wani mutum mai suna Octavius bai jira ba, har yau ana ganin inuwar rubutunsa a ɗaya fuskar. Lissafin kaya shi kuma a tsaye ake riƙe fallen, ana ratsa jijiyar.

Takardar shari'a allo uku ake haɗawa. A rubuta yarjejeniya a fuskoki biyu na ciki, a rufe, a ɗaure, shaidu su buga hatiminsu a kan zaren cikin wani kwari da aka sassaƙa a bayan allo na biyu, sunan kowa a gefen nasa. Sai a sake kwafe maganar a waje inda kowa zai iya dubawa. In gardama ta tashi, a karya hatimi gaban alƙali a gwada biyun. A shekara ta 61, zamanin Nero, aka yi dokar cewa sai an huda allunan an zura zaren sau uku. Irin waɗannan ne aka samu guda 153 a 1875 a gidan Caecilius Iucundus, wani mai harkar kuɗi da gwanjo a Pompei, garin da dutsen Vesuvius ya binne a shekara ta 79.

In takarda ta zo maka ka ga b da cikinta a dama, harafin a kuma a buɗe ta sama kamar u, m da n sun zama irin na littafin firamare, wasu haruffa sun miƙe sama wasu sun zura ƙafa ƙasa, to ka tsallaka sabon salo, daga ƙarshen ƙarni na 3 zuwa gaba. Daga zuriyarsa ne, ta hannun magatakardan zamanin Sarki Charlemagne wajen shekara ta 800 da masu buga littattafai na Italiya a ƙarni na 15, ƙananan haruffan boko suka iso. Haruffansa ɗaya-ɗaya za su yi maka kama da na gida, amma haɗe-haɗensa sun fi na tsohon yawa, don haka shi ma sai ka zana masa nasa jadawalin, ka fara da e da t da r, waɗanda suka fi kowa kama maƙwabtansu.